Wankin Wayar Baba Ishaku

Har in bar duniya ba zan manta da Talatar da na wanke wayar Baba Pasto Ishaku ba. Ku da kuka zo aikin nan daga baya kuna ganin gwangwanin madarar da ke cikin durowata kuna dariya, har ɗayanku ya ce wai ƙuli-ƙuli nake ɓoyewa. To, ku gyara zama in gaya muku abin da ke ciki, don wata rana makullin durowar nan zai dawo hannun ɗayanku.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rifkatu, ni ce jami'ar ɗakin karatu a wannan makarantar horar da masu bishara da ke Maiduguri. A samana akwai magatakarda, a samansa akwai Shugaba, wanda Rabaran ne. A ƙarƙashina kuwa, a wancan lokacin, babu kowa sai fankar da ba ta juyawa. Da na fara aiki littattafai ne a kan katako, in goge musu ƙura, in yi faɗa da ɗalibai masu naɗe kunnen shafi. Da tashin hankali ya yi tsanani, fastocin ƙauyukan kudu suka riƙa shigowa gari da kayan jikinsu kawai. Littattafan da mutum ya tara tun yana saurayi sun ƙone tare da gidansa. Sai makaranta ta nemi izinin masu wallafa, aka haɗa mana ɗakin karatu na kwamfuta.

Abin da ke ciki ba kaɗan ba ne. Akwai Littafi Mai Tsarki da Hausa da Turanci, da littattafan sharhi, da ƙamus na kalmomin Ibrananci da Helenanci, da taswirori. In ka tuna kalma ɗaya daga aya ka manta inda take, ka rubuta kalmar, na'ura ta jero maka duk wuraren da ta fito. A gefen kowace aya akwai ɗan maɓalli, in ka taɓa ya kai ka wasu ayoyin da suke da alaƙa da ita. Akwai kuma murya da ke karanta nassin da Hausa. Duk wannan ina zuba shi a katin memori wanda bai fi farcen yatsa ba, in sa wa mutum a waya. Ba ya neman sabis, domin wuraren da mutanenmu ke aiki sabis ɗin ma gudun hijira ya yi. Wannan shi ne rabin aikina mai daɗi.

Ɗaya rabin shi muke kira wankin waya. Mutanen daji, wato masu tayar da ƙayar baya, in sun tare mota a hanya, waya suke fara karɓa. Su duba hotuna, su duba waƙoƙi, su duba sunaye. In sun ga abin da ya nuna kai ma'aikacin ikkilisiya ne, ko malamin makaranta, ko kana da ɗan'uwa mai kaki, sai a ce ka sauko. Bayan mun rasa ɗalibanmu ta wannan hanyar, kwamitin makaranta ya kafa doka cewa duk wanda na zuba wa ɗakin karatu, in zai bi hanyar kudu, dole ya biyo ta wurina. In cire katin, in naɗe shi a takarda, in rubuta sunansa, in jefa a gwangwani. In goge manhajar da waƙoƙin sujada da hotunan taro. In bi sunayen da ke wayar ɗaya bayan ɗaya, Pasto wane ya koma wane mai taya, Mama ta Zumuntar Matan majami'a ta koma mai ƙosai. Sannan in zuba hotunan awaki da buhunan wake, domin wayar da babu komai a cikinta ita ma abin zargi ce. In mutum ya dawo lafiya, ya zo in mayar masa da katinsa. Macen da aka ɗauka don ta raba Maganar Allah ita ce kuma mai goge ta, kuma ban taɓa sabawa da wannan ba.

Baba Ishaku tsohon fasto ne da ya yi ritaya. Mafi yawan shekarun aikinsa a ƙauye ɗaya ya yi su, a gindin duwatsun kudu, har ranar da aka ƙone majami'ar da gidansa da akwatunan littattafansa. Ya zo gari ya zauna wurin 'yarsa. Kafin a ankara yanar ido ta rufe masa gani, ko rubutun da ke jikin motar haya ba ya iya gani. Ranar da na fara sa masa muryar karatu a kunne, tsohon nan kuka ya yi a gabana, bai ji kunya ba. Na koya masa wuraren taɓawa da lalube, ya riƙe su tsaf. Daga nan kullum yana gindin darbejiyar ƙofar nan, waya a kunne, baki yana motsi. In ya ji sharhin da bai gamshe shi ba, sai ya leƙo ta taga ya ce, "'Yata, wannan Baturen bai taɓa kiwon tumaki ba." Shi ne mutum ɗaya da yake zolayata in ƙyale, don ku kun san bakina ba ya barin ta kwana.

A ƙarshen wata damina ya shigo ofis da fara'ar da ban taɓa ganin irinta a fuskarsa ba.

"'Yata, gida zan je. Mutanenmu sun koma, sun ɗora kwano a kan tsohon bangon majami'a. Sun ce ba za su ci Jibin Ubangiji na farko ba sai ni na raba musu gurasar da ƙoƙon."

Na yi masa murna, sannan na miƙa hannu. "To Baba, ka san doka."

Ya ƙanƙame wayar a ƙirji. "Na san doka. Amma dokar masu ido ce. Wanda kika wanke wa waya, in ya isa sai ya ari littafi ya karanta. Ni in kin cire katin nan, idona kika cire."

Na ce, "Baba, gara ka isa ba ido da a ce ba ka isa ba."

Ya ce shi tsoho ne, wa zai kula da shi. Na ce mutanen nan ba su san tsoho ba. Muka yi ta ja, har na kai maganar gaban Shugaba, ba don ina son a bar masa ba, sai don ya ji daga sama. Shugaba ya saurare mu, ya cire tabarau ya murza ido.

"Baba, kai ka koyar da ni, ba ni da bakin yi maka musu. Amma na gaji da zuwa gidajen mutane da mugun labari. Malama Rifkatu, ko ni ne zan bi hanyar nan, ki wanke tawa."

Kwanakin da suka rage kafin tafiyar a gindin darbejiya Baba ya yi su, yana sauraron surorin da zai karanta, yana maimaitawa har suka zauna masa. Ran Talata da safe ya miƙo mini wayar da hannu biyu. Na cire katin, na naɗe, na rubuta sunansa. Da na zo kan sunaye ina karanta masa ina canzawa, sai ya ce, "Har Dattijo Markus ma ya zama mai gawayi? To Allah ya sa kada ya ji." Muka yi dariya. Da na gama ya ce, "Mai wankin waya, saura hulata."

Daga nan na gaya masa abin da nake gaya wa kowa, wanda shi ma yana cikin ƙa'idar aiki. "Baba, in an tsayar da ku, kada ka yi magana. Ka bar Ba Modu ya yi."

Ba Modu direban motar haya ne, Bakanure, Musulmi, gidansa a Tsohuwar Maiduguri. Ya daɗe yana bin hanyar kudu, kuma shi muke ba mutanenmu, don ya san hanya kuma yana da amana. An kashe masa ƙane a wannan hanyar, saboda haka ba labari yake ji ba. Ya zo da kansa ya ɗauki Baba zuwa tasha, ya sa shi a gaba kusa da shi.

Ban sake jin ɗuriyarsu ba sai a makon da ya biyo, da hantsi, Ba Modu ya tsaya a ƙofar ofishina. Kullum da "Wushe, Malama" yake shigowa yana neman ruwan sanyi. Ranar bai gaishe ni ba, ya zauna a kan benci ya cire hula.

"Baba fa?"

"Yana raye, Malama. Na kai shi, na dawo da shi, yanzu na sauke shi gidan 'yarsa. Wankinki ya yi aiki."

Na fara godiya ga Allah, sai na ga mutumin bai ɗago kai ba. Na ce ya faɗa mini sauran.

Ya ce tun a tasha wani fasinja, magidanci mai walda, sunansa Dauda, ya gane Baba. Ya durƙusa yana murna, yana cewa, "Baba Pasto, ni ne Dauda! Kai ka yi mini baftisma, kai ka ɗaura mini aure!" Shi ma bikin buɗe majami'ar zai je, ya yi wa ƙofarta sakata da hannunsa, yana ɗauke da ita a buhu. Ba Modu ya daka masa tsawa ya rage murya, ya tambaye shi ko wayarsa a wanke take. Dauda ya ce ya goge komai da kansa.

Bayan sun yi nisa, a wata kwana da hanya ta lalace, mutanen daji suka fito daga cikin dawa. Aka karɓi wayoyi. Wanda ya karɓi ta Baba ya duba, ya ga awaki da wake, ya jefa masa ita a cinya. Ya tambaya ko wane ne tsohon.

"Na yi musu Kanuri," in ji Ba Modu. "Na ce maƙwabcina ne, manomi ne, makaho, asibitin ido na kawo shi zan mayar. Wallahi na yi ƙarya, Allah ya yafe mini. Sai yaron da ya karɓi wayar ya sunkuyo ta taga ya ce da Hausa, tsoho, haka ne? Manomi ne kai?"

"Me Baba ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya gyaɗa kai."

A wayar Dauda kuwa suka sami waƙar ƙungiyar mawaƙan majami'a guda ɗaya, wadda matarsa ta turo masa, ta maƙale a wani lungu da bai san da shi ba. Aka ce ya sauko. Aka tambaye shi ko akwai irinsa a motar. Ba Modu ya ce Dauda ya tsaya daidai tagar gaba, ya dubi Baba, sannan ya ce babu, shi kaɗai ne. Suka shiga dawa da shi. Aka ce wa sauran su wuce.

"Baba bai gani ba, amma ya ji," in ji Ba Modu. "Da muka isa, mutane sun fito tarye da ganga. Matar Dauda tana cikinsu. Ni na miƙa mata buhun."

Baba bai raba Jibin Ubangiji ba. Ya ce ba shi da lafiya, wani matashin mai bishara ya yi. Surorin da ya haddace a gindin darbejiya, ko aya ɗaya bai karanta musu ba. Dauda kuwa har yau ba a ga ko takalminsa ba.

A taron kwamiti na wannan zangon, magatakarda ya ba da labarin a matsayin shaida cewa dokar wankin waya tana ceton rai, har aka yaba mini. Ban yi musu ba, don gaskiya ce. Kuma bari in gaya muku a fili, ba na neman gafarar kowa a kan wankin nan. Ko gobe aka kawo mini wayar mai tafiya kudu, sai na wanke ta fes. Amma ranar da aka yaba mini ɗin ban iya cin abinci ba.

Na jira Baba ya zo karɓar katinsa, bai zo ba. Na ce gajiya ce. Da shirun ya yi yawa, na ɗauki katin na je gidan 'yarsa. Na same shi a tsakar gida a kan tabarma, ya rame, wayar tana gefe a kashe. 'Yar ta ja ni gefe ta ce ya daina zuwa sujada, in an zo neman ya yi addu'ar suna ko ta biki sai ya ce a nemi wani. Na durƙusa na gaishe shi, na ce na kawo masa idonsa.

"Mayar da shi gwangwani, 'yata."

"Baba, naka ne."

"Na manomi ne? Ai manomi ba ya buƙatar ƙamus."

Nan bakina ya motsa. Na ce ba shi ya kama Dauda ba, kuma da ya yi magana da gawa biyu za a yi, wataƙila har da Ba Modu da ya rufa masa asiri. Na ce ni na ce ya yi shiru, Shugaba ya sa hannu, in laifi ne namu ne. Ya bar ni na gama tas.

"Duk abin da kika faɗa gaskiya ne," in ji shi. "Kin ce in yi shiru. Ba ki ce in gyaɗa kai ba. Daudan nan ni na koya masa kada ya ji kunyar sunan da aka yi masa baftisma da shi. Ya riƙe abin da na koya masa, har ya rufe ni da shi. Ni kuma ina zaune."

Ina da ɗakin karatu cike da sharhi a cikin jakata, amma na taso na dawo ofis da katin.

An daɗe, har zafi ya shigo ya fara wucewa, sai ga shi wata rana da la'asar, 'yarsa tana riƙe da sandarsa. Na yi tsalle na jawo durowa. Ya ji ƙarar gwangwanin ya ɗaga hannu.

"Ba wannan ya kawo ni ba. Kunna babbar na'urar. Nemo mini wurin da zakara ya yi cara."

Ya san wurin sarai, ya fi ni sanin sura da aya. So yake wani ya karanta masa. Na rubuta kalmar zakara, wuraren suka jeru, na zaɓi ɗaya na kunna muryar. Labarin manzon nan ne da ya yi musun Ubangijinsa a bakin wuta, ya ce bai san shi ba, sai zakara ya yi cara, sannan ya fita ya yi kuka. Baba ya saurara, hannuwansa biyu a kan sanda. Da muryar ta kai ƙarshe ya ce in maimaita. Na maimaita.

Idona yana kan ɗan maɓallin nan na gefen aya. Na san inda zai kai mu, wurin da Ubangiji ya sami manzon a bakin teku bayan tashinsa daga matattu, ya ba shi abinci, ya mayar masa da aikin kiwon jama'arsa. Na ce, "Baba, akwai aya mai alaƙa da wannan. Taɓawa ɗaya ce."

"Na san da ita," in ji shi. "Na yi wa'azinta tun ba a haife ki ba. Kada ki taɓa. Ban kai wurin ba tukuna."

Yatsana yana kan maɓallin. Na janye shi. Ya miƙe, ya yi mini godiya, 'yarsa ta ja shi suka fita. A gindin darbejiya ya ɗan tsaya ya dafa ta, sannan suka wuce.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Na'urar nan tana haɗa aya da aya cikin ƙiftawar ido, har mu masu aikin mu fara zaton haka mutum ma yake tafiya. Ba haka ba ne. Tsakanin bakin wutar nan da bakin teku akwai tafiyar da ba mu da maɓallinta, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen da ke zuwa mana da wayoyinsu sun ga abin da masu rubuta sharhin ba su gani ba. Aikinmu mu zuba, mu wanke, mu ajiye, mu kuma iya kame bakinmu. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni wuya, kun sani.

Katunan da suka rage a gwangwanin nan na waɗanda suka tafi ne ba su dawo ba. Ba na zubar da su, ba na kuma zuba wa wani a kansu, ko da kati ya yi ƙaranci. Guda ɗaya ne kawai a ciki mai shi yake raye, yana nan cikin garin nan, a tsakar gidan 'yarsa. Takardar ta fara yagewa, na sake naɗe shi a sabuwa. In ya zo ba na nan, kada ku yi masa wa'azi, kada ku tambaye shi komai. Ku sa masa katin, ku duba cajin wayar, ku ƙara masa murya, don kunnen ma ya fara nauyi. Sunayen kuma ku mayar masa yadda suke, ku fara da na Dattijo Markus.